Diski ya koma ɗaya kontirolar ya ƙi dawowa, a taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum yan uwa, don Allah a taimaka min. A ofis muna da Dell PowerVault MD3200i, injin adana bayanan sabobi (manyan kwamfutocin ofis), mai kontirola biyu (su ke kula da diskin), 0 da 1, na yanka diski huɗu a ciki, biyu na 0 biyu na 1. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, ashe suwic ɗaya na netiwok da ke haɗa sabobin da injin ban sa shi kan UPS ba sai ya mutu, tun daga nan duk huɗun suka tare a kontirola 1, MDSM, manhajar kula da injin, kuma yana ta nuna wai diskin baya kan hanyar da aka zaɓar masa. Aiki na tafiya amma wallahi hankalina bai kwanta ba, bayanan albashin mutane ne a ciki. Na biyu kuma, ina son haɗa diski ɗaya da saba biyu masu Windows don su riƙa ganin fayil ɗaya, ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, injin ya yi abin da ya dace ne, kowane diski kontirola ɗaya ce ke riƙe da shi a lokaci guda, in hanya ta yanke sai ɗayar ta karɓa. Amma kar ka yi gaggawar mayar da shi, fara tabbatar kowace saba tana ganin kontirola biyun ta iSCSI (hanyar da saba ke haɗuwa da injin ta netiwok) kuma MPIO (mai ba saba hanya fiye da ɗaya zuwa diski) na aiki, in ba haka ba kana mayarwa sabar zata nemi diski ta rasa ana tsakiyar rubutu. In komai ya daidaita sai ka danna Redistribute Virtual Disks a MDSM don kowane diski ya koma kontirolarsa, bayan an tashi aiki ya fi.

Wata amsa: Ni maganarka ta biyu ce ta tsorata ni. Don girman Allah kar ka ba saba biyu diski ɗaya mai NTFS (tsarin fayil na Windows) in ba kulasta ka haɗa ba, wato sabobi masu aiki tare kamar ɗaya, kowace ɗauka take ita kaɗai ce mai shi, haka zasu yi ta rubutu kan na juna har bayanan su lalace, kuma ba lallai ka gane a ranar ba. Ka ba saba ɗaya, ɗayar ta shiga ta netiwok. Ba rukunin saba diski ɗaya sai masu kulasta, irin ESXi na VMware da tsarin fayil ɗinsa VMFS.

Mai tambaya: Na gode oga, Allah ya saka. Akwai wani ƙaramin diski mai lamba LUN 31 da ban san shi ba, in goge?

Amsa: A'a bar shi, ta nan manhajar ke magana da injin in ta cikin saba kake kula da shi. Ka dai duba IQN (sunan shaidar iSCSI) na kowace saba yana ƙarƙashin sunanta a MDSM, kuma ka ɗauki bakof (kwafin bayanan) kafin ka taɓa komai.

Mai tambaya: To madalla, yau da daddare zan gwada in sha Allah, suwic ɗin ma na mayar da shi kan UPS.