Yaya zan sa pre-commit ya kama aiki da kansa a sabuwar ma'ajiya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Don Allah a taimaka mini.

Na haɗa wa ɗalibaina masu koyon Python samfurin ma'ajiya a GitHub, wanda kowa zai kwafa idan zai fara aiki. Na sa fayil ɗin .pre-commit-config.yaml a ciki, wato saitin manhajar pre-commit, da Ruff mai gano kurakurai a rubutun Python, don a duba lambar (code) kafin kowane commit, wato kafin a adana canji a Git. A kwamfutata lafiya lau yake aiki.

Matsalar ita ce Git ba ya kwafo abin da ke cikin .git/hooks, inda umarnin da ke tayar da wannan dubawa yake zama. Sai mutum ya buga pre-commit install da hannunsa, kuma yawancinsu mantawa suke yi. Haka za ka buɗe aikin yaro ka tarar da import da ba a yi amfani da shi ba, layuka a hargitse, babu abin da ya tsayar da shi.

Na gwada saitunan Git na core.hooksPath da init.templateDir, amma su ma sai an saita su a kowace kwamfuta. GitHub Actions yana kama kurakuran, sai dai bayan an riga an tura, ni kuwa so nake yaro ya ga kuskurensa tun yana kan aikin.

Masu JavaScript suna da Husky, mai yin irin wannan aiki, da ke shiga da kansa ta npm install. Akwai kwatankwacinsa a Python? Ku da kuka saba, yaya kuke yi?