Prefecture a Taiwan ta zamanin Japan: jiha za mu ce ko lardi?

Jama'a a taimaka mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar nan "prefecture" da Turawa ke kiran yankunan Taiwan lokacin da take hannun Japan.

Japan ta karɓi tsibirin daga Sin a 1895 ta riƙe har 1945, kuma sun yi ta yanka shi suna sake yankawa, a 1901 kashi 20, a 1909 suka rage zuwa 12, sai a 1920 aka zauna kan manya guda 5 da suke ce wa shu: Taihoku wato Taipei ta yau, Shinchiku, Taichu, Tainan, da Takao wadda yanzu ita ce Kaohsiung.

Na ga wasu na rubuta jiha, ni kam gaskiya bai kwanta min ba. Kana cewa jiha mutum gwamnan da ya hau da ƙuri'a zai hango, alhali mai riƙe da shu naɗa shi ake yi, kuma Gwamna Janar da ke Taihoku yake yi wa aiki ba mutanen wurin ba. To ai wannan lardi ne sak, yadda Razdan na lardin Zazzau ko Sakkwato yake amsa umarni daga Kaduna zamanin Turawa. Kalmar da kanta tana ɗauke da warin mulkin mallaka, shi ya sa ta dace.

Na ƙasa da shi ba wahala, abin da Japanawa ke ce wa "gun" dai gunduma ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne "cho", sunan da Japanawa suka ba yankunan da ba su kai shu ba, su ma "prefecture" Turawa ke ce musu. Karenko da Taito na gabashin tsibirin, wajen duwatsu da ƙarancin jama'a, ba a ba su matsayin shu ba, haka Hoko, tsibiran Penghu kenan, da aka cire daga Takao a 1926. Wani malami ya kawo shawarar a ce wa cho "yanki", Allah ya ƙara sani, amma yanki ya yi faɗi da yawa, komai ma yanki ne. Ni ƙaramin lardi nake gani, sai dai dole a yi bayani don kar a ɗauka a ƙarƙashin wani lardin yake, kai tsaye ga Gwamna Janar shi ma yake, ƙarancin a iko ne ba a faɗin ƙasa ba.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku naku gwamnonin naɗawa ake kuma jiha kuke cewa, in kun ji lardin Takao zai zauna muku a kunne kuwa?