Raƙumi mai tozo biyu: kiwo a tsauni da ɗaukar kaya

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san raƙuman nan masu tozo biyu na Mongoliya da Kazakistan, yaya ake kiwonsu a tsauni, kuma kaya nawa suke ɗauka?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Tozo ake fara dubawa. In duka biyun sun tsaya cik, dabba ta ƙoshi. In sun langaɓe gefe kamar tsohuwar hula, kitse ya ƙare, kada a ɗora mata komai sai ta murmure. Lafiyayyen amale yana ɗaukar kilo 170 zuwa 250, ya yi kilomita 30 ko fiye a yini. Amma ba kowane lokaci ba: da bazara gashinsa yana zubewa faci-faci har ya koma kusan tsirara, sirdi kan yi masa miki nan da nan. Shi ya sa a da ayarin shayi daga Kalgan ta Sin zuwa Kiyakta, kasuwar kan iyakar Rasha tun yarjejeniyar ƙasashen biyu ta 1727, ya fi tafiya lokacin sanyi, a bar raƙuma su yi kiwo lokacin zafi.

Mai kiwo: Gaskiya ne, Likita. Ni ƙafa ce ta fi damuna. Tafinsa taushi gare shi, na rairayi ne da dusar ƙanƙara. Tsakuwa mai kaifi takan yanke shi, raƙumi ya fara ɗingishi, ayari ya tsaya. Madugai kan ɗinka faci na fata a tafin. Kuma kada a hana su gishiri, ko da ciyawa ta wadata. Ganye mai gishiri da ƙaya suka fi so.

Mai nazarin tarihi: A kwarin Nubra na Ladak, Indiya, mita kusan 3,000 sama da teku, akwai ragowar raƙuman da suka riƙa kawo kaya daga garin Yarkand na Sin ta mashigar tsaunukan Karakoram. Da aka rufe hanyar wajen 1950, sai aka sake su suna cin ƙayar bakin kogi. Yanzu masu yawon buɗe ido suke ɗauka a ƙauyen Hunder na kwarin.

Mai tambaya: To za su iya hanyar Bilma?

Likitan dabbobi: Wannan aikin na mai tozo ɗaya ne, Malam. Mai tozo biyu an yi shi ne don sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Sai dai a Kazakistan ana haɗa mai tozo ɗaya da mai tozo biyu barbara, ɗan da ake kira nar yakan fi iyayensa girma da ƙarfin kaya.