Haɗa kwale-kwalen filawud a gida: ta ina ake farawa?

Bakin Kogi: Salamu alaikum. Kayan haɗa kwale-kwale mai tsawon mita 3.5 sun iso: filawud na okume (wani irin katako mara nauyi) mai kaurin milimita 6 yankakke, wayar tagulla, efoksi (gam mai ƙarfi da ake kwaɓawa da sinadarin daskarwa) da kyallen faibagilas (kyallen zaren gilashi). Ɗinki ake fara yi ko shafa efoksi?

Kafintan Ruwa: Wa alaikumus salam. Ɗinki tukuna. Huda gefen allunan duk bayan santimita 15, ka zura waya ka murɗa sako-sako. Kada ka matse sai ka auna kusurwa zuwa kusurwa, ɓangarorin biyu sun zo daidai. In ka manne shi a karkace, haka zai zauna, kullum yana jan gefe ɗaya a ruwa. Sannan ka kwaɓa efoksi da garin katako ya yi kauri kamar tunkuza, ka cike tsakanin wayoyin. Washegari ka zare su, ka cike sauran, ka shimfiɗa kyallen.

Mai Fenti: Malam, kula da awo. Wani efoksin 2 da 1 ne, wato awo biyu na efoksi da awo ɗaya na sinadarin daskarwa; na kamfanin West System mai lamba 105 da 205 kuwa 5 da 1. Ƙara sinadarin daskarwa ba ya sa ya bushe da wuri, danƙo kawai zai bar maka. Da zafi, kwaɓa kaɗan-kaɗan, don in ya taru a gwangwani zafi yake ɗauka ya daskare.

Kafintan Ruwa: Shafa efoksi na farko da yamma za ka yi. Katakon da ke ɗumama iska yake fitarwa, sai ƙuraje su fito. Kafin sanfefa ka wanke maiƙon saman da ruwa, kuma ka yi fenti, rana na cin efoksi.