Neman kalma: me za mu kira ƙaramar bindigar da ake yi da "polymer"?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Jama'a, ga wata kalma da ke yawan fitowa a sharhin da Amurkawa ke rubutawa idan sun sayi sabuwar ƙaramar bindiga, wato polymer. Kusan duk da magana ɗaya suke farawa: an ciro ta daga akwati, an ji ba nauyi, kamar ta wasan yara. Masu fassara suna sa "bindigar roba". Ni dai bai kwanta mini ba. Me kuka gani?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ai bindigar roba ta riga ta yi mai ita. Ita ce wadda ake saya wa yara da sallah, ko wadda ɓarawo ke tsorata mutane da ita. Ga kuma harsashin roba na 'yan kwantar da tarzoma. In aka ce an kama mutum da bindigar roba, mai sauraro zai ɗauka jabu ce, alhali harsashi 17 ne a cikinta.

Injiniya Bala: Gaskiyar Hajiya. Kuma kafin a raɗa suna, a san wane ɓangare ake nufi, don ba duka bindigar ba ce. A ɗauki Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera, sojojin Ostiriya suka karɓa a 1982. Bututun da harsashi ke bi ƙarfe ne. Saman da ke zamewa baya ya dawo bayan kowane harbi ƙarfe ne. Sifirin da allurar da ke dukan gindin harsashi duk ƙarfe. Abin da aka zuba da polymer shi ne rabin ƙasa: mariƙi, da zoben da ya kewaye kunama, da shimfiɗar da saman ke hawa. A nan ɗin ma an dasa 'yan guntayen ƙarfe huɗu da saman ke gudu a kansu. Nauyinta ba gidan harsashi wajen giram 625 ne, Beretta 92 kuwa, mai jikin alminiyam, ta doshi giram 950. Ba Glock ce ta fara ba, Heckler & Koch na Jamus sun fitar da VP70 tun 1970, sai dai ba ta samu kasuwa ba.

Malam Sani: To mu ce filastik mana, Injiniya.

Injiniya Bala: Wannan kalmar ta taɓa jawo rigima, Malam. Da Glock ta shiga Amurka aka yi ta yaɗa cewa bindigar filastik ce da na'urar filin jirgi ba ta gani, har aka yi dokar 1988 da ta hana ƙera bindigar da na'ura ba za ta gano ba. Alhali mafi yawan nauyin Glock ƙarfe ne, na'ura tana kama ta sarai. Mu ma in muka ce ta filastik, wannan kuskuren za mu shuka a kunnen Bahaushe.

Alhaji Garba: Ni kuwa sai na tuna da kuɗi. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fito da naira 20 ta polymer a 2007, sannan naira 5 da 10 da 50 a 2009, ba wanda ya jira masana, mutane suka ce kuɗin leda, magana ta ƙare. Me zai hana a bi sawu?

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, bindigar leda? Dariya za a yi.

Injiniya Bala: Alhaji, leda ta dace da kuɗin don siffarsu ce, abu falle mai santsi. Amma misalinka ya nuna inda gizo ke saƙar. Polymer sunan dangi ne: leda, bokitin roba, tayar mota, igiyar nailan, har audugar da muke sakawa, duk 'yan gida ɗaya ne a wajen masu ilimin sinadarai. Na bindiga daga ɗakin nailan yake, kamfanoni da yawa kuma suna cakuɗa shi da zaren gilashi don ya ƙara tauri. Ledar kasuwa tana narkewa da zafi ya ɗan wuce digiri 100, nailan sai ya haura 200. Ba ya tsatsa, gumi ba ya cin sa, amma yana ɗan lanƙwasa ya dawo. Don haka kalmar da muke nema kada ta sa a ji taushi, kada kuma ta sa a ji abin wasa. Ni zan ce a ari kalmar a hausance ta: folima.

Malam Sani: Folima ko polima?

Hajiya Rabi: Yadda muka ce fensir da famfo da fakiti, folima bakinmu zai faɗa.

Malam Haruna: Na yarda da folima, amma saura sunan ɓangaren. Na ga wasu suna rubuta "mai gangar folima", suna nufin gangar jiki. A guje shi. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga bututun bindiga da gangar mai, kuma tuni wasu masu fassara suke kiran bututun ganga. Sai a wayi gari an karanta cewa bututun ne na folima, alhali ƙarfe ne. Shawarata a koma maƙera. Fartanya da gatari kashi biyu ne, ruwa da ƙota. Ruwa ƙarfe ne, shi ke aiki, ƙota ita hannu ke riƙewa, a kanta ruwan ke zama. Maharba ma ƙota suke ce wa icen bindigarsu. To ƙaramar bindiga mai ƙotar folima.

Kuma ku gwada kalmar a kan ƙorafin da sababbin masu saye ke yi, ku ga ko tana ɗaukar kaya. Na farko, suna cewa nauyi ya taru a sama. Haka ne, ƙota ba nauyi, ƙarfen yana bisa, sai an cika gidan harsashi take daidaita, don harsashi 17 na milimita 9 suna ƙara wajen giram 200. Na biyu, shurin da take yi wa hannu ya fi zafi, musamman ƙananan samfura kamar SIG P365 mai nauyin kusan rabin kilo, saboda ba nauyin da zai shanye shi. Na uku shi ne wanda ake ɗora wa kamfani laifi a banza: kwanson da aka harba ya maƙale a tagar fita, yana tsaye. Dalili, saman yana buƙatar ƙotar ta tsaya cik kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. In wuyan hannu ya yi sako-sako, sai ƙotar mara nauyi ta bi shi baya, ƙarfin ya ɓace a hanya. Maganinsa riƙo mai ƙarfi da hannu biyu, a kuma kai hannun can sama da mariƙi. Duk na faɗe su da ƙota, ban ji ta yi mini tuntuɓe ba.

Injiniya Bala: Ta zauna, Malam Haruna. Togiya ɗaya gare ni. A dokar Amurka, a yawancin samfura wannan ɓangaren shi ne bindigar, shi ke ɗauke da lamba, a Glock ma a kan ɗan falankin ƙarfe da aka dasa cikin folimar aka buga ta. Ƙota za ta iya sa a ɗauka mariƙi kaɗai ake nufi. In rubutun na shari'a ne ko na ƙira, gara firam, yadda masu gyaran keke da kafintoci ke faɗa.

Alhaji Garba: Na janye leda. Sai dai duk wanda zai fassara irin wannan sharhi kada ya tsallake gargaɗin kwancewa. Glock ba ta rabuwa sai an ja kunama, kuma a nan mutane ke harbin kansu. A fara cire gidan harsashi, a ja saman baya, a leƙa da ido a kuma taɓa da yatsa a tabbatar ba harsashi a bututu, a juya bakinta inda ba kowa, sannan a ja. Mai kuma ɗigo kaɗan ne, ba a zuba shi a ramin allura, datti yake tarawa har ta kasa dukan harsashi da ƙarfi.

Malam Sani: Madalla. Zan sa "ƙaramar bindiga mai ƙotar folima", a ambaton farko in ƙara da cewa folima nailan ne mai tauri, bututu da saman kuma ƙarfe ne. Firam in bar shi ga rubutun doka. Shi saman da ke zamewa har yanzu bai da suna, Injiniya. Marfi za mu ce, ko kana da wadda ta fi?