Ana rushe gidajen haya ana gina filaza, wa za mu kai wa kuka?

Salamu alaikum. A layinmu kaɗai gidajen haya huɗu aka rushe bana, aka gina shaguna. Sauran kuma masu su sun ninka kuɗin haya, wai wuri ya yi daraja.

Mu ’yan haya muka tara sa hannu muka kai wa mai unguwa, ya tura mu wurin kansila. Shi kuma ya ce ba huruminsa ba ne, tunda Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Muka rubuta wa hukumar tsara birane, aka buga mana hatimin karɓa, wata uku shiru. Da na koma ranar Litinin, takardar ma an neme ta an rasa.

Don Allah, wa ke da ikon hana mayar da filin zama na kasuwanci, mu nufe shi kai tsaye?