Gasar iyo da keke da gudu ranar Asabar ga kuma wannan hazon, in shiga ko in haƙura?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure. Na yi rajistar wata gasa ta 'yan sha'awa, irin wadda ake kira tirayatilon, ka yi iyo ka fito ka hau keke ka sauka ka kama gudu ba hutu. Gajeren zango ne, iyo mita 750 a tafkin Kware, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Wata uku ina atisaye kuma na biya dubu 15. To yau kwana huɗu hazo ya rufe garin Sakkwato, ɗazu da safe a Gawon Nama motar da ke gabanka ma sai da fitila kake ganinta, kuma ƙarfe bakwai aka ce za a faɗa ruwa. Ina da asma tun ina yaro amma shekara biyu ba ta tashi ba, ba ni da rigar roba ta iyo, duk iyon da na koya a wurin wankan otal ne da rana tsaka. Wanda ya taɓa shiga ruwa da sassafe cikin hunturu ko ya yi gudu cikin ƙura irin wannan don Allah ya gaya min gaskiya.

Mai Siliba:
Wane irin keke gare ka? In irin mai kwando ne na zuwa cefane kar ma ka fara, nemi mai giya.

Abu Runjin Sambo:
Sha kunun gyaɗa mai zafi da zuma kafin ka fita, ka shafa man zafi a ƙirji. Allah ya ba da sa'a.

Baban Ummi:
Ƙanena ka saurare ni da kyau don ni abin ga ya taɓa cina. Shekara uku da sunka wuce wasu samari sunka shirya irin wagga gasa, shi ma cikin Janairu, mu wajen talatin munka shiga. Kwale-kwale guda tal anka kawo na ceto. Alamar da za ka kewayo jarka ce ja anka ɗaure cikin ruwa, wallahi daga baki ba ka ganinta don hazo. Da anka busa usur na hwaɗa ruwa, sanyin ya kama min ƙirji kamar an ɗora min dutse, numfashi ya ƙi shiga, minti guda ina haki ban yi gaba ba, ni da ba ni da asma hwa. Na daure na ci gaba, can tsakiya ƙahwata ta dama ta ƙage. Na ɗaga hannu ina kira, mai kwale-kwalen shina can wani ɓangare bai gan ni ba. Wani masunci da ya zo duba komarshi, ba shi cikin sha'anin ma, shi ya jawo ni, Allah shi saka mashi.

Abin da ya hi ci min rai shi ne taurin kaina bayan nan. Na ce tunda na biya sai na hau keke. Jiƙaƙƙen wando, iska na bugu, yatsuna sunka mutu ban jin birki, wurin wata kwana yashi ya kwashe tayar gaba na zube, ƙashin kahwaɗa ya karye. Babu motar asibiti, a bayan a-kori-kura anka kai ni gari. Wata biyu ina ɗaure da hannu, shagona a ruhe. Ina cikin haka kuma sai na ga jini a fitsari, anka gwada anka ce tsargiya ce, daga ruwan na ɗauko. Waɗanda sunka shirya kuwa ko sannu, na kira har sunka daina ɗauka.

Ɗan Mabera:
Subhanallahi, sannu Yaya. Allah ya ƙara lafiya. Rigar roba kana da ita a lokacin?

Baban Ummi:
Wace riga, gajeren wando ne kawai. Kuma kuɗin jinya ya haura dubu 300, har babur ɗina na sayar. Matata har yau in ta ji an ce keke sai ranta ya ɓaci.

Mai Siliba:
Rigar ba tsada ba ce ai, ni na gani a gwanjo dubu 18.

Kyaftin:
Dubu 18 ina? Wannan rigar wanka ce ta yara ka gani. Ta gaske mai kaurin da ke riƙe ɗumi ni dubu 95 na sayi tawa a Legas, ita ma ta hannu ce.

Abu Runjin Sambo:
Wani abokina a Kano ya samo dubu 40 bara.

Kyaftin:
Bara daban bana daban. Ni dai ga abin da na sani, na yi irin wannan gasa sau huɗu, biyu ma babban zango, iyo kilomita ɗaya da rabi, keke 40, gudu 10, wanda ake yi a Olamfik tun shekarar 2000 a Sidni. A ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ana auna zafin ruwa kafin a fara, in bai kai digiri 16 ba dole kowa ya sa rigar roba, in ya kai 22 a gajeren zango an hana sa ta. In ruwa ya ƙi kuma sai a soke iyo a mayar da gasar gudu, keke, gudu. Ka tambayi masu shirya gasar ko za su auna, da kwale-kwale nawa za su sa. Hazo dai ba ya hana gasa, ka sa takunkumi ka shiga, wahala ce daɗin abin.

Anti Nas:
Kyaftin ka karanta abin da yaron nan ya rubuta kuwa? Asma ya ce yana da ita. Ni shekara 14 ina aikin jinya, duk hunturu ɗakinmu cika yake da masu ciwon ƙirji, da yawa irin waɗanda ke cewa ta daɗe ba ta tashi ba. Busasshiyar iska mai sanyi da ƙura da gudu, ukun nan kowanne shi kaɗai yana tayar da ita, kai kuma za ka haɗa su rana guda. In ta tashi kana kan titi za ka tsaya ka shaƙi maganinka, a tsakiyar tafki fa? Ƙanena ka je ka ga likita kafin Asabar, kar ka tsaya kan maganarmu. Maganar tsargiya kuma gaskiya ce, daga dodon koɗi na ruwan da ke kwance take fita ta shiga fata, ba sai ka sha ba, tana da magani amma mutane kan bari sai ta yi nisa.

Kyaftin:
Da girmamawa Anti, ku marasa lafiya kaɗai kuke gani, waɗanda suka gama lafiya lau ba sa zuwa wurinku. Akwai manyan 'yan wasa masu asma.

Anti Nas:
Akwai, da likitansu a gefe. Kai kuma a Legas ka yi naka, yaushe ka taɓa ganin ƙurar Sakkwato a can?

Baban Ummi:
Duk ku biyun ba wanda ya nutse a cikinku, ni na nutse.

Bakabe:
Ku dai kuna ban dariya, mita 750 har da rigar dubu 95. Ku zo Argungu ku ga yara a Matan Fada da asuba, ba riga ba tabarau, har agwagwa suke kamawa cikin ruwa lokacin bikin kamun kifi.

Na Katsina:
Ai ku Kabawa da kifi dangi ne, a ba ka keke mu gani ko za ka kai kilomita biyu.

Bakabe:
Bakatsine da ko a randa sai an riƙe shi, kai ma har ka sa baki.

Ɗan Mabera:
Na kira su yanzu, sun ce kwale-kwale biyu ne kuma ba a mayar da kuɗi, maganar auna ruwa sun ce za su duba. Har yanzu ban san me zan yi ba wallahi. In na bar iyon na yi keke da gudu kawai fa, Anti?

Mai Siliba:
Keken ma ta wace hanya? In titin Illela ne ni ba ruwan ba ne ke ba ni tsoro, manyan motoci ne. Cikin hazon nan direba ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. An ce za a tare hanya?

Abu Runjin Sambo:
Wa zai tare maka hanyar kan iyaka saboda masu keke. Ni satin da ya wuce a Kalambaina wata tirela ta matse ni sai da na sauka cikin yashi, ga hular kwano ga riga mai ƙyalli, yaron motar ma zagina ya yi.

Kyaftin:
'Yan kabu-kabu sun fi, su sha gabanka su tsaya cak ɗaukar fasinja.

Wani Ɗan Kabu-kabu:
A'a Malam, kar a ɗora mana. Ku ma kuna jerawa ku uku a kan titi kuna hira kamar hanyar gidanku ce, mu kuma abinci muke nema.

Mai Siliba:
To ina za mu bi? Duk garin nan nuna min titi ɗaya da aka ware wa keke gefe. Gefen da ya rage ma yashi ya cinye shi ko an kasa kaya. Ni yanzu sai bayan sallar asuba nake fita ta Kwannawa zuwa Dange in dawo kafin motoci su taso, shi ma sau biyu ina yin faci a wata guda saboda fasassun kwalabe.

Abu Runjin Sambo:
Nawa ake maka faci? Ni ɗari biyar aka karɓa jiya.

Mai Siliba:
Ɗari biyar? An cuce ka, ɗari biyu ne a wurin mutumina.